Sayen gida da lamuni a Barnawa: Dalilin da ya sa ake fara zuwa banki kafin a nemi dillali

A Barnawa, kamar sauran unguwannin Kaduna da ake rububinsu, cinikin gida ba ya jiran kowa. Dillali zai nuna wa mutum gida da hantsi, kafin la'asar ya bugo waya ya ce wani ya taya, idan da gaske ake yi a kawo kafin alƙalami. Mai kuɗi a hannu ba shi da damuwa. Wanda ke shiga tsaka mai wuya shi ne ma'aikacin da ya dogara da lamunin banki, domin shi ne zai kwashe ɗan abin da ya tara shekara da shekaru ya miƙa, sannan ya nufi banki da fatan a cika masa sauran.

A nan ne lissafi kan rushe. Banki na iya cewa albashinsa ba zai ɗauki bashin da yake nema ba, ko shekarun da suka rage masa a aiki sun yi kaɗan, ko kuma takardun gidan ba irin waɗanda ake karɓa jingina ba ne. Kafin a gama kai-kawo wa'adin da mai gida ya bayar ya cika, a sayar wa wani, shi kuma ya koma bin sawun kuɗinsa.

Akwai matakin da ke rage wannan haɗari, wanda masu neman gida da dama ke tsallakewa. Shi ne mutum ya fara kai kansa banki a auna shi, a faɗa masa a rubuce iya abin da za a iya ba shi, kafin ya fara zagayen duba gidaje. Wannan shi ake kira amincewar farko.

Abin da ya sa Barnawa ke tsada

Barnawa tana kudu da Kogin Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tana maƙwabtaka da Narayi da Kakuri da unguwar Television. A cikinta akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, da Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda ake horar da masu zanen gini da masu safiyo da masu ƙiyasta darajar gidaje. Tun zamanin da masaƙun Kakuri da kamfanin haɗa motoci na Peugeot ke tashe, yankin ya zama mazaunin ma'aikata.

Bayan rikice-rikicen shekarar 2000 da 2002, zaman birnin ya sauya fasali, inda akasarin Musulmi suka tattara a arewacin kogin, Kiristoci kuma a kudanci. Barnawa na cikin unguwannin da suka ci gaba da zama a cakuɗe, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa masu neman gida daga ɓangarorin biyu ke sonta. Shirin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya ƙara mata daraja, musamman hanyar da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama da sabuwar gada a kan kogin, wadda ta rage wa mazauna yankin dogon zagaye zuwa tsakiyar gari.

Filayen da ba a gina ba sun yi ƙaranci a tsohuwar Barnawa, don haka yawancin ciniki na gidajen da aka riga aka gina ne. Tsadar kayan gini ta ƙara tura farashi sama. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000, kuma a watan Disambar wannan shekara hauhawar farashin kaya a ƙasar ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan yanayi mai gida ba ya son dogon jira, domin kuɗin da aka yi ciniki a kai yau ba za su sayi abin da suke saya ba nan da wata shida. Duk mai sayen da zai ce a jira shi ya je ya fara magana da banki, ya san yana bayan layi.

Mece ce amincewar farko?

Lamunin gida yana da tambayoyi biyu da banki ke son amsarsu. Ta farko a kan mutum ce: zai iya biya? Ta biyu a kan gidan ce: idan ya kasa biya, za a iya sayar da gidan a fanshe kuɗin? Amincewar farko tana amsa tambaya ta farko ce kawai.

Mai nema zai kai takardun albashinsa na watannin baya-bayan nan, da bayanan shige da ficen kuɗi na asusunsa, da takardar ɗaukarsa aiki da ta tabbatar da shi, da lambobin BVN da NIN, da shaidar biyan haraji. Ɗan kasuwa kuma zai kai takardar rajistar kasuwancinsa da bayanan asusun da cinikinsa ke bi ta ciki. Bankin zai duba tarihin basussukansa, ya lissafa abin da ke shigo masa da abin da ke fita, sannan ya ba shi takarda mai nuna adadin da zai iya samu, da shekarun biya, da kason da zai kawo daga aljihunsa.

A Amurka wannan takarda ta zama kamar tikitin shiga kasuwar gidaje, har dillalai da yawa ba sa ɗaukar tayin mai saye da muhimmanci sai ya nuna ta, kuma galibi takan yi aiki na kwana 60 zuwa 90. A Ingila ma akwai irinta. A Najeriya kuwa, inda mafi yawan gidaje da kuɗi hannu ake sayensu ko a gina su sannu a hankali, tsarin bai zama al'ada ba, kuma kowane banki da sunan da yake kiran matakin. Amma bankunan lamunin gidaje suna yin wannan tantancewa idan an nema.

Akwai bambanci tsakanin lissafin baka da jami'in banki zai yi wa mutum a kan tebur cikin minti biyar, da takardar da aka fitar bayan an ga shaidu. Na farko hasashe ne, na biyun shi ne abin da za a iya nuna wa mai gida. Ko ita takardar ba alƙawari ba ce mai ɗaure banki. Tana ɗauke da sharuɗɗa, kuma babba a cikinsu shi ne sai gidan da aka zaɓa ya tsallake tasa tantancewar.

Lissafin da ke yanke hukunci

Ƙa'idar da ake bi a lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa ita ce kada abin da za a riƙa cirewa duk wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar mutum. Daga wannan ƙa'ida kowa zai iya auna kansa tun yana gida.

A ɗauki ma'aikacin da ke karɓar Naira 150,000 a wata. Kashi ɗaya cikin uku shi ne Naira 50,000. Idan zai biya cikin shekara 30 a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, abin da wannan adadi zai iya ɗauka bai wuce kusan Naira miliyan 8.3 ba. Amma shekara 30 sai matashi. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma banki yakan so a gama biya kafin albashi ya tsaya. Idan mutumin nan shekararsa 45, abin da ya rage masa 15 ne, sai adadin ya sauko zuwa kusan Naira miliyan 5.9. Albashi ɗaya, amma shekaru sun cinye fiye da miliyan biyu.

Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na Jihar Kaduna, wato Naira 72,000 da gwamnatin Sanata Uba Sani ta amince da shi a 2024, abin da za a iya cire masa Naira 24,000 ne. Ko da an ba shi shekara 30 cif, bashin da zai samu yana wajen Naira miliyan huɗu.

Idan aka juya lissafin, mai son Naira miliyan 10 na shekara 30 zai riƙa biyan kusan Naira 60,000 a wata, ke nan yana buƙatar kuɗin shigar da ya kai Naira 180,000. Mai son miliyan 15 zai biya kusan Naira 90,000, sai albashinsa ya kai wajen Naira 270,000.

Wannan duka a kan kashi 6 ne. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, kuma lamunin bankunan kasuwanci ya haura kashi 20. Bashin miliyan 10 na shekara 15 a kan kashi 6 yana cin kusan Naira 84,000 a wata. A kan kashi 25 kuwa, kusan Naira 213,000 ne. Saboda haka tambayar wace ƙofa za a bi ta fi tambayar wane gida za a saya gaggawa.

Idan kuma mutum yana da wani bashin da ake cirewa daga albashinsa, na mota ko na ƙungiyar gama kai ta ofis, shi ma sai an zabge shi kafin a san abin da ya rage. Ga mutane da yawa sakamakon wannan lissafi shi ne Barnawa ta fi ƙarfinsu a yanzu. Gara mutum ya ji haka daga bakin jami'in banki kafin ya fitar da ko sisi, ya karkata zuwa Narayi ko Sabon Tasha ko Gonin Gora, ko ya nemi gida ƙarami, da ya ji bayan kuɗinsa sun shiga hannun wani.

Ƙofofin da ake da su

Ƙofa mafi sauƙin kuɗin ruwa ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa da doka a 1992, kuma Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata, kuma bayan ya yi aƙalla wata shida yana zubi zai iya neman lamuni a kan kashi 6, na tsawon lokacin da zai iya kai shekara 30. Ba kai tsaye ake zuwa FMBN ba. Ana bi ne ta ɗaya daga cikin bankunan lamunin gidaje da aka amince da su, su ne ke tantance mutum su tura takardunsa.

A 2018, lokacin da Ahmed Musa Dangiwa ke shugabantar bankin, kafin ya zama Ministan Gidaje a 2023, an rage kason da mai nema ke kawowa. Lamunin da bai wuce Naira miliyan biyar ba ya zama babu kaso, daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin 100. Miliyan 15 ce ta daɗe tana matsayin iyaka, daga baya aka ɗaga ta zuwa miliyan 50. Sai dai ɗaga iyaka bai sauya ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku ba, don haka albashi ne har yanzu ke yanke hukunci.

Abu biyu ya kamata mai bin wannan ƙofa ya bincika da wuri. Na farko, ya tabbatar kuɗin da ake cire masa suna isa asusun da sunansa, domin ganin an cire a takardar albashi ba shi ne shaidar an tura ba. Na biyu, ya sani cewa fitowar kuɗin NHF kan ɗauki watanni, saboda takardu sai sun bi ta hannu biyu. Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu kuma su lura cewa dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta mayar da zubin ya zama na ganin dama a gare su, don haka wanda ya daina zubi ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Ga wanda matsalarsa ita ce kason farko, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idoji a watan Satumban 2022 da suka ba ma'aikaci damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa ba domin biyan wannan kaso. Sharaɗin shi ne an yi masa zubi na aƙalla wata 60, kuma shekarun da suka rage masa kafin ritaya ba su gaza uku ba. Miji da mata da kowannensu ya cika sharuɗɗa za su iya haɗa nasu. Kuɗin ba hannun ma'aikaci suke shiga ba, bankin da zai ba da lamunin ake tura wa. Amma a tuna, abin da aka ciro yau ragi ne a fanshon gobe.

A 2025 an ƙara wata ƙofa, asusun MREIF da ke ƙarƙashin kamfanin da ke kula da kadarorin Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya. Ana samun lamuninsa ta bankunan da ke cikin shirin, na tsawon shekara 20, kuma an sauke kuɗin ruwansa zuwa kashi 9.75. A kan wannan, miliyan 10 na shekara 20 na cin kusan Naira 95,000 a wata.

Masu gudun kuɗin ruwa

Ga Musulmi da dama a Kaduna, batun ba yawan kuɗin ruwa ba ne, kasancewarsa ne gaba ɗaya. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kano da Kaduna, da waɗanda suka biyo bayansa irin su TAJ a 2019 da Lotus a 2021, suna aiki ne da tsarin ciniki da haya maimakon bashi mai ruwa. A tsarin murabaha banki ne ke sayen gidan ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, a biya kashi-kashi. A tsarin ijara banki ke mallakar gidan, mutum yana biyan haya har mallaka ta dawo hannunsa. Akwai kuma tarayya mai raguwa, inda su biyu ke mallakar gidan, mutum yana sayen kason bankin sannu a hankali.

A nan fara zuwa banki ya wuce shawara. Tunda a murabaha dole banki ya mallaki kaya kafin ya sayar, wanda ya riga ya ƙulla ciniki da mai gida da sunansa ya rikita tsarin tun daga tushe. Sannan su ma waɗannan bankuna suna duba albashi da tarihin bashi kamar kowa, kuma ribar da suke ɗorawa tana tafiya ne da yanayin kasuwa. Rashin kuɗin ruwa ba ya nufin araha, don haka a nemi jimillar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe a rubuce.

An amince da kai, saura gidan

Inda ciniki ya fi mutuwa a Kaduna shi ne wajen takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ta ce ba a sayar da fili mai takardar mallaka ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba ba ta da inganci. Tun daga nan bankuna ba sa wasa da batun.

Gidaje da yawa sun sauya hannu sau biyu ko uku da takardar ciniki kawai, mai ɗauke da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, alhali takardar mallaka tana nan da sunan mutumin farko, wanda wataƙila ya daɗe da rasuwa. A tsakanin jama'a wannan ciniki ne karɓaɓɓe. A wurin banki kuwa, gidan ba shi da mai shi da zai iya jinginar da shi sai an bi sawu an gyara rajista.

Hukumar KADGIS, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke riƙe da bayanan filaye na jihar. A can ake bincike a gano sunan wa ke kan takarda, ko akwai wata jingina a kan gidan, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekaru, ko kuma an sabunta tsohuwar takardar zuwa sabon tsarin. Hukumar KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Gidan da aka ƙara wa shaguna a gaba ko ɗakuna a baya ba da izini ba na iya samun cikas. Zuwa da kai ya fi aike, ko kuma mutum ya ɗauki lauyansa na kansa, ba wanda dillali ko mai gida ya kawo ba.

Gidan gado yana da nasa sharaɗin. Sai an ga takardar rabon gado daga kotu ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma an tabbatar duk magada sun yarda. Ɗan'uwa ɗaya da ke wani gari wanda ba a tuntuɓa ba ya isa ya tsayar da komai.

Sai batun kogi. Sassan da ke gab da Kogin Kaduna sun sha fama da ambaliya, ciki har da babbar ambaliyar 2003. Mai ƙiyasin da banki zai turo zai lura da wannan, haka ma kamfanin inshora. Wanda ya duba gida da rani ya tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta da Satumba.

Shi kansa ƙiyasin wani tarko ne. Banki yana ba da lamuni ne bisa darajar da ƙwararren mai ƙiyasi ya sa wa gida, ba bisa farashin da aka yi ciniki ba. Idan an daidaita a kan miliyan 30, ƙiyasi ya nuna 25, mai saye ne zai nemo cikon biyar ɗin, ban da kasonsa na farko.

Jihar Kaduna ta yi dokar jinginar gidaje a 2017, bisa samfurin da kamfanin NMRC ya tsara wa jihohi, ta kuma kafa hukuma domin sauƙaƙa rajistar jingina. Dokar tana da fuska biyu. Ta ƙara wa bankuna ƙwarin gwiwar ba da lamuni, ta kuma fayyace hanyar da za a bi a karɓe gida daga wanda ya kasa biya. Wannan ma dalili ne na kada mutum ya karɓi iyakar abin da aka amince masa idan ya san zai takura cefanen gida da kuɗin makarantar yara.

Kafin alƙalami da sauran kuɗaɗen da ba a faɗa

Takardar amincewar farko tana ba mai saye bakin magana. Zai iya nuna wa mai gida cewa banki ya riga ya auna shi, ya nemi wa'adin da ya dace da tsawon lokacin da bankin ya ce aikin zai ɗauka. Wani mai gidan zai ƙi, ya ce shi kuɗi hannu yake so, kuma sanin hakan da wuri riba ce.

Idan har sai an ba da kafin alƙalami, to a rubuta yarjejeniya. Ta faɗi adadin, da wa'adin cika sauran, da abin da zai faru idan banki ya ƙi gidan saboda matsalar takardu ko ƙiyasi. Lauyoyi suna bambanta kuɗin da aka ajiye a matsayin tabbacin ciniki, wanda kan iya salwanta idan mai saye ya janye, da kuɗin da aka biya a matsayin wani ɓangare na farashi. Kalmar da aka rubuta ita kotu za ta duba. A fiƙihu ma malamai sun yi saɓani. Malikiyya ba su yarda mai sayarwa ya riƙe irin wannan kuɗi idan ciniki bai tabbata ba, Hambaliyya kuwa sun halatta. Sai dai dogaro da tsoron Allah na wanda ya riga ya kashe kuɗin ba ya dawo da su da wuri. A biya ta banki, cikin asusun wanda sunansa ke kan takardar gida, ba na dillali ba.

Ban da kason farko, akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da na mai ƙiyasi, da na bincike a KADGIS, da kuɗin amincewar gwamna da rajista da hatimi, da inshorar gobara da ta rai da bankuna kan wajabta, da kuɗin sarrafa takardu na bankin kansa. Yawancinsu daga aljihu ake biya, ba sa cikin lamunin. Lokacin neman amincewar farko shi ne lokacin da za a ce jami'in banki ya jera su duka a takarda.

Abin da ke ɓata amincewa bayan an samu

Tun bayan dokar bayanan bashi ta 2017, kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry suna tattara tarihin masu cin bashi, kuma bankuna na dubawa. Bashin Naira dubu ashirin da aka ci ta manhajar waya aka manta da shi na iya fitowa a rahoton. Mutum yana da damar neman rahotonsa ya gani da idonsa, ya biya abin da ake bin sa ko ya nemi a gyara kuskure, kafin ya kai takardunsa. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun wanda ya ƙi biya ko da a wani bankin yake, don haka sauya banki ba ya ɓoye kowa.

Bayan an karɓi takardar, banki zai sake dubawa kafin ya saki kuɗi. Sabon bashin mota, ko tsaya wa wani a matsayin mai lamuni, ko barin aiki zuwa wani wurin da ba a tabbatar da mutum ba tukuna, kowanne na iya sauya lissafin. Takardar kuma tana da wa'adi, idan ya wuce sai an sabunta da sababbin shaidu.

Ga ɗan kasuwar da ke ciniki a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, shirin yana farawa ne tun shekara guda kafin a je banki. Cinikin da ke yawo a aljihu ko a asusun yaron shago, banki ba ya ganinsa. Abin da ya bi ta asusu mai sunan mutum, wata bayan wata, shi ne kaɗai za a iya lissafawa.

Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya san adadin da zai samu, da kason da zai kawo, da irin takardar da bankinsa ke karɓa, shi ne zai iya shiga titin Aliyu Makama ya faɗa wa dillali iyakar farashinsa, ya ce kuma kada a nuna masa gidan da ba shi da takardar mallaka mai rajista a KADGIS.